Jerin da Ba Ya Saukowa a Waya

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, domin ni ce ban fita da kyau a cikinsa ba. Sunana Nafissatou. Karatuna a aji huɗu na firamare ya tsaya, a Kano, kafin Kawu Babayo ya ɗauko ni zuwa Libreville in taya shi tsaron shagonsa na atamfa da shadda a unguwar Glass.

A shekarar nan naira ta faɗi, kowa ya cika gari da kayan Kano, ciniki ya ja baya. Ga jandarmomi a bakin titi suna tambayar takardar zama. Yawancin matan da ke saye a wurinmu suka daina fitowa, sai dai su kira waya. Ni ce mai ɗauka. Ba na iya kallon idon mutum, amma a waya bakina a sake yake.

Sai Hawaou, 'yar Kawu, ta gama makarantarta ta Faransanci ta dawo shago. Ta kawo wani Abdulƙahar ya yi mana shafin intanet, mata su riƙa zaɓen kaya daga gida. Kawu ya ce idan shafin ya kama aiki, mutum ɗaya ya isa a shago, ni in koma sitonsa a unguwar Oloumi in riƙa ninke kaya.

Kwana da kwanaki suna zaune gaban kwamfuta suna Faransanci suna dariya, ni ina kawo musu shayi. Hawaou ko ɗago kai ba ta yi.

"Nafi, ajiye can, kar ki zuba mana a na'ura," in ji ta.

A saman shafin akwai kalmar "Kaya". A kwamfuta, da ka kai 'yar kibiyar nan kanta, sai jeri ya sauko: atamfa, shadda, leshi, gyale. Kawu ya gani ya ce, "Ka ga amfanin boko!" Abin ya tsaya mini a rai.

Ni na fara gane matsalar, don ni mata suke kira. Waya ba ta da kibiya, yatsa ne kawai. Kana taɓa "Kaya" sai ta wuce da kai wani shafi mai atamfa shida, jerin bai sauko ba. Babu shadda, babu leshi. Na gwada a wayata sau uku, haka ne. Na mayar da ita cikin jaka, ban faɗa wa kowa ba. Duk wadda ta kira tana ƙorafi sai in ce, "Hajiya, bar wannan abin nasu, gaya mini abin da kike so." Har daɗi nake ji.

Mako biyu aka yi a haka. Ranar wata Talata Hajiya Djaïba, da ke zaune can Akanda a bayan gari, ta shigo bayan la'asar, ƙafafunta a kumbure. Shaddar sunan jikarta take nema, kuma ta ce ba za ta zaɓi launi da kunne ba, sai ta gani. Takardar zamanta ta ƙare tun watan jiya. Jandarmomi sun sauke ta daga taksi a titin bakin teku, ta yini a kan bencin ofishinsu kafin surukinta ya zo ya karɓe ta.

"Ke Hawaou, an ce komai yana cikin waya. Ina shaddar? Ko sai mai digiri ke ganinta?"

"Tana nan, Hajiya," in ji Hawaou, ta juyo mata da kwamfuta. "Ga ta."

"To in ɗauki wannan akwatin in tafi da shi Akanda?"

Na zuba wa Hajiya ruwa. Da Abdulƙahar ya zo, na matsa kusa da teburinsu, idona a ƙasa, na miƙa masa wayata.

"Malam, taɓa nan."

Ya taɓa, ya sake taɓawa, ya dafe kai. Ashe bai taɓa gwadawa a waya ba. Ya ce gyaran mai sauƙi ne: taɓawar farko ta sauko da jeri, ta biyu ta wuce shafi.

"Ba zai yi ba," na ce. Murya ta fito mini ƙarama. "Hajiyoyi sau biyu suke dannawa kullum, suna ganin ta farko ba ta shiga ba. Za su wuce jerin."

"To yaya kike gani?"

"Ko sau nawa aka taɓa, jerin ya tsaya a buɗe. Wancan shafin a sa shi a cikin jerin, a kira shi 'Duka'."

Hawaou ta yi 'yar dariya. "Ikon Allah, Nafi ta zama injiniya." Sannan ta kalle ni sosai. "Tun yaushe kika sani?"

Na ce yau. Ba ta yarda ba.

Kafin magariba Abdulƙahar ya gyara. Kawu ya dawo daga masallaci, aka nuna masa a wayar Hajiya, shadda launi-launi tana saukowa. Ya dafa kan Hawaou ya ce Allah ya yi mata albarka. Abdulƙahar yana naɗe igiyar cajinsa, bai ji ba ko bai kula ba. Na jira Hawaou ta ambaci sunana. Ta ce, "Amin, Baba."

"To Nafi," in ji Kawu, "tunda abu ya yi, gobe sai Oloumi."

Washegari na ajiye wayar shago a kan teburin Hawaou, na goge ta da bakin gyalena, na tari taksi. A hanya na buɗe shafin a tawa wayar, na danna "Kaya" sau biyu da ƙarfi, irin na Hajiyoyi, ko zai lalace. Jerin ya sauko ya tsaya daram. Na kife wayar a cinyata har muka isa ƙofar sito.