Kwatangwalon Mijinyawa

A kakar gyaɗar da kwatangwalon Mijinyawa ya fara ƙara, mutanen Kabo suka sami abin tattaunawa. Ɗan dako ne, mai loda buhuna a mota a bakin sikeli. In ya ɗauki buhu ya miƙe, sai ka ji ƙas daga gefensa na dama, kamar an karya kara. Ba ciwo, ba kumburi.

Ya je asibitin Gwarzo. Malamin asibiti ya ɗaga ƙafar ya sauke, ya ce jijiya ce ta ɗaure, tana tsallake ƙashi. Ya ce ya je ya huta kwana goma, ya riƙa gashi da ruwan ɗumi, yana miƙe cinyar safe da yamma, ya daina jingina nauyin buhu a gefe guda. Ko allura bai yi masa ba. Wannan ya tabbatar wa dangi cewa mutumin bai san aikinsa ba.

Bappa, ƙanen mahaifinsa, ya ce, "Gocewa ce. Gobe sai Masanawa, wurin Malam Datti maɗori."

Da hantsi suka isa, Mijinyawa na rungume da kazar matarsa Raliya. Al'adar gidan ke nan: maɗori ya karya ƙafar kaza ya ɗora ta tare da ta majinyaci, ranar da kaza ta taka, mutum ya taka. Malam Datti ya yi bisimilla, ya murɗe ƙafar kazar har ta ɓalle, ya ɗaure ta da kara. Sannan ya dubi Mijinyawa.

Ƙarti huɗu suka danne shi a tabarma. Biyu suka zauna masa a ƙirji, biyu suka ja ƙafar kamar masu fitar da sa daga rijiya. Wannan ne karon farko da kwatangwalon ya yi masa ciwo. Ya kurma ihu. Suka saki, Malam Datti ya lanƙwasa gwiwar. Ƙas.

"A karkace ƙashin ya kama," in ji maɗorin. "Sai an karya a sake ɗori. Ku miƙo taɓarya."

"Baba, da ƙafata na zo!"

"Da ita za ka koma. Bayan wata uku."

Wata uku ba dako, ga kakar gyaɗa guda ce a shekara. Mijinyawa ya juya wajen Bappa. Bappa ya dafa masa goshi.

"Daure, ɗana. An riga an karya ta kazar. Asararta za a yi?"

Malam Datti ya ɗora hannu a cinyar, yana nuna wa ƙaton da ke riƙe da taɓarya daidai wurin. Taɓarya ta yi sama. Mutumin da ya shekara goma sha biyar yana jefa buhun gyaɗa cikin mota ya gantsare, ya watsar da na ƙirjinsa, ya fizge ƙafa. Taɓarya ta sauka a dantsen Malam Datti.

Wannan ƙarar ba irin ta kwatangwalo ba ce. Har kazar ta yi shiru.

Wani ya shaƙo Mijinyawa ta baya, Mijinyawa ya kai masa karo da ƙeya, hancin mutumin ya fashe, jini ya wanke tabarma. Na biyu ya sha gwiwa a ciki, ya durƙusa yana amayar da furar safe. Bappa ya shiga rabo, ya fito da haƙori ɗaya a tafin hannu, cikin ukun da suka rage masa. Malam Datti na birgima yana kiran a nemo masa maɗori, duk ƙasar kuwa shi kaɗai ne.

Mijinyawa ya suri kazar ya kama hanyar Kabo yana ɗingishi.

Jan da aka yi masa ya kwantar da shi kwana goma. Raliya tana gasa masa cinyar da ruwan ɗumi, shi kuma yana miƙe ta saboda tsami. Da ya koma bakin sikeli, ya ɗauki buhu ya miƙe, shiru.

A makon ne kazar ta taka.

"To," in ji Bappa ta cikin giɓinsa, "ka ga aikin Malam Datti?"