Mage a Sito

A taƙaice, kamar yadda muke rubutawa a ofis kafin a sallame ni da kyautar agogon bango: marigayin maƙwabcina ne, tsohon mai kula da siton hatsi, wanda unguwa ke kira Mai Mage domin bai taɓa yarda da gubar ɓera ba. Sankarar babban hanji ta kama shi, ya shiga gwajin wani sabon magani, ya kammala, ya rasu. Sauran ƙarin bayani ne.

Ni na raka shi asibiti, saboda ana zaton duk tsohon akawu yana jin yaren likitoci. Likitar ta yi bayani a tsanake. Za a ɗauki ƙwayar bairos, a rage mata dafi, a ɗora mata wani saƙo na ƙwayar halitta, a sa masa a jiki. Za ta nemi ƙwayoyin sankarar ta fasa su, saƙon kuma ya tashi garkuwar jiki ta kawo ɗauki. Ta ce gwaji ne, babu alkawari.

"Wato mage za ku saka min a sito," in ji shi. "Ta kama ɓera, ta yi kuka masu gida su farka."

Likitar ta yi dariya. "Kusan haka, Baba. Amma tana ɓarin kwanuka."

Ta kuwa yi ɓarin. Bayan kowace allura sai zazzaɓi ya kayar da shi, haƙoransa na kaɗawa. Wata safiya na shiga gaishe shi, matarsa ta tare ni a bakin ɗaki.

"Malam Akawu, ka yi masa magana ya daina. Sun mai da shi ɓeran gwaji."

"Ɓera kuma?" ya ce daga kan gado. "Ni ne siton, uwar yara. Ki riƙa ba ni matsayina."

Ba ta yi dariya ba. Sai ya nuna taga da haɓa. Autarsu, 'ya ɗaya da Allah ya bar musu, tana shanya a tsakar gida.

"Ciwon nan ya ci mahaifina, ya ci wana. Likita ta ce yakan bi jini. In na tsaya a rabi, wa zai san ko magen tana kamu?"

Ranar allurar ƙarshe ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. Matar da ta ce ya daina ita ta goge masa riga, ta sa masa hula, ta riƙe shi har mota.

Da hoton cikinsa ya fito, ƙarin da ke hanjin ya motse, amma ciwon ya riga ya yi sansani a hanta.

"Ta yi kamu?" ya tambayi likitar.

"Ta yi, Baba. Ta dai makara."

"Mai sito ne ya makara wajen kiranta. Ku rubuta haka. Kuma ku duba min Auta tun sito na da tsabta."

Ya rasu da hantsi, taga a buɗe. Na yi aiki da manya masu lambobin yabo a ƙirji, ban ga wanda ya kammala aikinsa kamar haka ba.

Abin da lamarin ya ci: ƙibarsa, har aka ƙara wa bel huji, da tumatirin da ya shuka a bayan gidansa, da ya bushe ba mai ban ruwa, da abokin hirata na ƙofar gida. Abin da ya rage: Auta, an duba ta, an ce ta dawo baɗi. Sai tsohuwar magensa, kwance a kan kujerarsa, inda rana ke sauka.