Layi na Biyu na Don Melanio

Nicanor ya tsaya a bakin ƙofa da bokiti a hannu, ruwan teku na ɗiga daga wandonsa, ya kasa shiga.

"Shigo mana," in ji Doña Chencha. "Romon kifi ma ya ƙi sha. Ko ganinka zai sa ya motsa."

Mijinta Don Melanio, maƙwabcin Nicanor na shekara talatin, yana kwance kusa da taga, ya rame sai idanu. Ya leƙa bokitin, ya ga rassan murjani, dutsen nan mai rai da ke tsiro a teku, farar cuta ta kashe su, sun yi fari fat kamar ƙashin kaza.

"Igiya nawa?"

"Duka arba'in ɗin."

"Ai 'ya'yan uwa ɗaya ne. Jini ɗaya, cuta ɗaya."

Shekara shida su biyun suka yi suna renon murjani a kan igiyoyi a ƙarƙashin ruwa, suna dasawa a matattun duwatsu don kifi ya dawo. Akwai iri mai saurin girma. Akwai kuma na tsoho Don Melanio, gajere, mummuna, mai nawa, wanda shi kaɗai ya san inda yake ɓallo shi. Ya sha faɗin cewa uwar da yake ɓallowa daga jikinta ta ga farar cuta sau biyu ta tsallake. Da aka ba Nicanor shugabancin gonar murjanin, sai ya kwance na tsohon ya zubar, ya cika igiyoyin da mai sauri. Har da ba'a a gaban mutane: "Murjaninka ya gado ka, Don Melanio, kafin ya girma an binne mu." Aka yi dariya. Daga ranar tsohon bai sake taka kwalekwalen ba, gaisuwarsu ma ta koma ɗaga hannu.

"Roƙo na zo," in ji Nicanor, kunya kamar ta kashe shi. "Ina uwar take?"

"Mummunar? Me za ka yi da ita, Shugaba?"

"Na yi kuskure. Ka yafe mini."

"Kai dai gaggawa ce ta yi maka yawa, tun kana saurayi." Ya ja numfashi. "Fita ta bakin kogi. Ka sa hasumiyar coci ta hau kan tankin ruwa, ka riƙe wannan layin."

Masuntan garin da layi biyu suke gane wuri a teku. Inda suka gitta juna, nan ne.

"Na biyun fa?"

Tari ya sarƙe tsohon. Doña Chencha ta tallabe kansa. "Bar shi ya huta. Ka dawo da yamma."

Ranar kaɗai a rayuwarsa Nicanor ya yi haƙuri. Yana shanya igiyoyi a tsakar gidansa, rana ba ta ko karkata ba, ya jiyo kukan Doña Chencha ta kan katanga.

Bayan addu'ar kwana tara da rasuwar tsohon, Nicanor ya tambaye ta ko mijinta ya taɓa faɗa mata wurin.

"Ni da ban taɓa shiga kwalekwale ba? Shekara biyu kullum yamma yana zaune a ƙofa yana jira ka tambaye shi. Kai kuma ka ɗaga hannu ka wuce."

Washegari ya fita ta bakin kogi shi kaɗai. Hasumiya ta hau kan tanki, layin ya miƙe har inda ido ya ƙare. Ya kifa fuskarsa a akwatin gilashi yana duban ƙasan ruwa: yashi, ciyawa, yashi. Ya ɗago, ya daidaita hasumiyar, ya ƙara tuƙi kaɗan, a hankali.