Sifikar Gefen Gado

Ƙanwata ce ta yi mini rajista. Ta ce tun da ɓarin jikin Maigida ya shanye na rame na lalace, in ban samu wanda zan amayar wa cikina ba, wata rana ni ma kwanciya zan yi. Ita ba ta da lokacin saurarona, sai ta saka mini manhaja a waya. Duk Laraba ƙarfe huɗu wata malama mai ba da shawara takan bayyana a fuskar wayar, da tabarau, da tukunyar fure a bayanta.

Sito nake shiga, don nan ne kawai ƙofa ke da sakata. In zauna kan bokitin fenti, tsakanin zartuna da gudumomin Maigida, waɗanda wata goma sha huɗu ke nan ba su ga hannun kafinta ba.

Malamar tana da wata ɗabi'a mai ƙona rai: duk abin da na faɗa sai ta maido mini da shi. In na ce na gaji, ta gyara tabarau ta ce, “Na ji kin ce kin gaji.” To da me na ce? Har na raɗa mata suna Malama Na-ji-kin-ce. Duk da haka ta fi dangin mijina, masu zuwa suna ƙamshin turare, su tsaya a bakin ƙofa su ce Allah ya ba ni lada. Babu wanda ya taɓa tambayar inda ake zubar da fo.

Maigida ba ya magana, amma kunnensa garau. In na gama ba shi abinci yakan ɗan bugi bayan hannuna sau biyu da hagunsa, godiyarsa ke nan. Mutum ne mai son labarai, don haka kullum da azahar nakan haɗa wayata ta bulutut da 'yar sifikar da ke gefen gadonsa ya saurara.

Ranar Larabar nan na ɗauke wayar a gurguje, na manta ban raba su ba.

Malama ta bayyana, bakinta na motsi, babu sauti. Na ɗauka sabis ne ya fara halinsa.

“Malama, ba na jin ki. Ke kina ji na?”

Ta gyaɗa kai.

“To yau ma ya fi, ba mai katse ni.”

Sai na saki abin da ban taɓa faɗa wa ko matashin kaina ba. Na ce kullum da safe, kafin in shiga ɗakinsa, nakan tsaya a bakin ƙofa in kasa kunne. In na ji numfashinsa, wallahi ba daɗi nake ji ba, cewa nake yi yau ma akwai aiki. Na ce ina son mutumin nan, shekara ashirin da shida bai taɓa ɗaga mini murya ba, amma na gaji da jiran abin da ba na iya ambata. Na yi kuka har majina. Ita kuwa bakinta sai motsi yake yi.

Na cire sakata don in ɗebo ruwa in wanke fuska. A nan na ji muryarta raɗau, tana fitowa daga ɗakin Maigida.

“Ko kina ji na yanzu? Na ji kin ce in kin tarar yana numfashi, ba daɗi kike ji ba.”

Na ruga na fizge sifikar. Idonsa biyu, yana kallon silin. Na kira shi, na ce ba haka nake nufi ba, na faɗi duk ƙaryar da ta zo bakina. Da yamma ya buɗe baki ya cinye abincinsa tas, ko ɗigo bai zubar ba. Na bar hannuna a kan bargo kusa da nasa har ya yi tsami. Bai taɓa shi ba.

Washegari ƙafafuna suka tsaya a bakin ƙofa kamar yadda suka saba. Na kasa kunne. Shiru. Na ƙara matsowa, shiru. Kofin da ke hannuna ya tarwatse a ƙasa, na afka ciki ina salati.

Yana kwance, fuskarsa ta kumbura, ya datse leɓe, ya zuba mini ido. Sai da ya ga na iso kansa, sannan ya saki numfashin da ya riƙe.