Littafin Tambayoyin Muntari

Muntari ya dawo Adabka ranar wata Laraba ana tsakiyar marka, bayan ya gama aji uku a jami'a, inda yake karanta kimiyyar dabbobi. Babur ɗin da ya ɗauko shi sau biyu yana kafewa a laka, har sai da ya tuɓe takalmi ya taya turi. Duk cikin kayansa babu abin da yake tattali kamar wani littafi mai baƙin bango da ya naɗe a leda.

Kafin a ba su hutu, malamarsu Dakta Saude ta tara 'yan ajinsu ta ce shekara mai zuwa kowa zai zaɓi fannin da zai riƙe, ko kiwon kaji, ko haɗa abincin dabbobi, ko lafiyar garke, sannan ya nemi inda zai yi wata shida na sanin makamar aiki. Ta ce kada kowa ya zaɓa don abokinsa ya zaɓa. Kowa ya koma garinsu ya zauna da masu dabbobi, ya ji abin da ke damunsu, ya rubuta, a nan zai gane inda ake bukatarsa. Ta raba musu takardar tambayoyi, Muntari ya kwafe su tsaf a littafinsa da Turanci.

Mahaifinsa ya daɗe da rasuwa, ƙanin mahaifin, Baffa Ɗanjuma, shi ke riƙe da gidan. Da Muntari ya yi masa bayanin aikin bayan cin tuwo, sai Baffa ya ajiye tsinken sakace ya dube shi.

"Ita malamar taku, ta san ƙasag ga?"

"Ba ta taɓa zuwa ba, Baffa."

"Na gani. To ka sani yanzu ba a son mai tambaya. Ko ni in mutum yat tambaye ni ina za ni, sai in ce masallaci."

Muntari ya yi dariya. Baffa bai taya shi ba.

Ranar kasuwar Nasarawar Burkullu ya shiga kara, inda ake cinikin shanu, da littafinsa. Da farko an amsa gaisuwarsa da fara'a, don da yawa sun san mahaifinsa. Amma da ya buɗe littafin ya fara karanto tambayoyin, fuskoki suka sauya. Shanu nawa gare ka? Ina suke kwana? Wace hanya suke bi zuwa kiwo, da wane lokaci? Wa ke tsaronsu? Wani dillali ya ce shi ba shi da ko akuya, alhali igiyar sa na hannunsa. Wani ya tuna yana da saƙo a rumfar hatsi. Kafin azahar Muntari ya lura duk inda ya nufa sai hira ta mutu.

A bakin karar akwai teburin Namadi, mai sayar da maganin dabbobi, mutum mai yawan wasa da kowa. Muntari ya ɗauki wata kwalba yana juyawa, ya ga an manna wata 'yar takarda a inda ake rubuta ranar lalacewar magani. Ya sa farce zai ɗaga ta.

"Saye za ka yi, ɗan boko?" in ji Namadi, ya zare kwalbar daga hannunsa yana murmushi.

"Dubawa nake."

"Kai kam da dubawa kaz zo garin nan." Ya faɗa da ƙarfi yadda na kusa za su ji.

Washegari Muntari ya tafi rugar Modibbo, dattijon makiyayi da ya yi shekaru yana riƙe wa mahaifinsa shanu biyu. Modibbo ya shimfiɗa masa tabarma, aka kawo fura da nono, suka daɗe suna hirar mamacin. Da aka zo kan tambayoyin, sai dattijon ya riƙa zillewa. Yawan shanu? Alhamdu lillahi. Hanyar kiwo? Duk inda ciyawa take. Maƙwabcinsa Bello, wanda ya zo aron gatari, ya tsaya daga nesa yana kallon alƙalamin Muntari, bai zauna ba.

Sai da Muntari ya rufe littafin sannan Modibbo ya kai shi bayan bukka ya nuna masa wani maraƙi da ya rame, gashinsa ya tashi, yana zawo. Ya ce sau uku ana yi masa allura, babu sauƙi. Muntari ya ce a kawo kwalbar. Irin ta teburin Namadi ce, da 'yar takardar a manne. Ya ɓamɓare ta ya karanta abin da ke ƙasa.

"Baba, maganin nan ya lalace tun bara waccan. Kada ku ƙara yi masa."

Modibbo ya karɓi kwalbar ya jefa a aljihu. Muntari ya ciro waya ya ɗauki hoton maraƙin don ya tura wa malamarsa. Da ya juyo, ya ga Bello ya matso yana kallon wayar.

Kwana uku bayan haka, da hantsi, ɓarayin daji suka tare garken Bello a bakin fadama suka kora shi gaba ɗaya. Ba a kashe kowa ba, amma ba su bar ko saniya ɗaya ba.

Muntari bai haɗa abin da kansa ba sai a sallar azahar, da ya ga wanda ke kusa da shi a sahu ya ja da baya ya bar giɓi. Da aka sallame babu wanda ya miƙo masa hannu. A gida ya tarar da Inna zaune a ƙofar ɗaki, hatsin da za ta surfa na gabanta ba ta taɓa ba. Ta ce matar da ke zuwa ɗibar wuta kullum yau ta wuce gidan gaba.

"Mi kaka rubutawa cikin littahin nan?" ta tambaye shi a hankali.

"Inna, har da ke?"

"Ban ce komi ba. Tambaya niy yi."

Baffa Ɗanjuma ya shigo ko sallama bai ƙarasa ba. Ya miƙa hannu. "Ba ni wayar. Da littahin. Maigari na son ganinmu bayan la'asar." Ya tsaya yana kallon ɗan wansa kamar yau ya fara ganinsa. "Ka gaya mini tun nan, ni da kai. A birni akwai wanda yab ba ka wanga aiki ban da malamar?"

"Wallahi babu, Baffa."

"To. Can ma haka za ka ce."

Zauren Maigari ya cika har waje. Akwai dattawan gari, akwai 'yan sa-kai uku da bindigoginsu a jingine da bango, ga Bello idanunsa jajur, ga Modibbo a kusurwa yana jan carbi. Muntari ya hango Namadi a bakin ƙofa, ko da yake shi ba ɗan Adabka ba ne, kuma ba ranar kasuwa ba ce.

Maigari ya ce ba hukunci ya tara mutane ya yi ba, magana ce ta yi yawa a gari, ana cewa yaron nan infoma ne, mai kai wa ɓarayin daji labari, gara a ji ta a fili. Ya miƙa littafin ga Malam Auwalu, hedimastan firamare, ya ce ya karanta ya fassara, kada ya tsallake ko layi ɗaya.

Malam Auwalu ya gyara tabarau ya fara. Da ya karanto tambayar yawan shanu, zauren ya ɗauki gunaguni. Da ya zo kan ta hanyar kiwo da lokacin fita, Bello ya miƙe tsaye.

"Kun ji ko? Mi mai maganin dabba zai yi da sa'ar da nika hita?"

Muntari ya ce, "Allah ya ja da ran Maigari, ciwon hanta a fadama shanu ke ɗaukarsa. In an san inda suke kiwo da inda suke shan ruwa, an san irin cutar da za a nema."

"Haka anka koya maka ka ce," in ji wani daga baya.

"Shi ma Malam ɗan boko na," in ji wani. "Wa yas san ko abin da yaka karantawa shi ar rubuce?"

Malam Auwalu ya cire tabarau ya ce duk mai shakka ya zo ya karanta da kansa. Babu wanda ya taso. Ya ci gaba, shafi bayan shafi. Yawancin gurabun amsa babu komai a cikinsu. A shafin rugar Modibbo, a gaban yawan shanu an rubuta "ya ce alhamdu lillahi". Wasu suka yi 'yar dariya suka haɗiye. Sunan Bello bai fito ko'ina ba.

Aka koma kan waya. Ɗaya daga 'yan sa-kan ya bi lambobin da aka kira ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar wane ne wannan, wace ce wannan. Ya buɗe hotuna, ya ɗaga hoton maraƙin sama. A bayan maraƙin, can nesa, ana hango shingen garken Bello.

"Ga shi nan," in ji Bello. "Wa kat tura wa?"

"Malamarmu. Maraƙin na ɗauka, ban ma lura da shingen ba."

Ba wanda ya ce ya yarda. Muntari ya dubi Baffansa, ya ga ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma. A lokacin ne tsoro ya shige shi sosai.

Modibbo ya mayar da carbinsa aljihu, ya ciro kwalbar ya ajiye a gaban Maigari. Ya ce shi bai san abin da ke zuciyar kowa ba, abin da ya gani zai faɗa. Yaron nan ya yi masa tambayoyi marasa kan gado, bai amsa ba, yaron kuma bai matsa ba. Wanda aka aiko leƙen asiri ba ya zuwa da rana tsaka da littafi a buɗe. Sannan shi ne ya gano maganin da ya yi wata biyu yana tsira wa maraƙinsa ya lalace, an liƙe ranar da takarda. Ya ce Malam Auwalu ya duba.

Malam Auwalu ya duba ya ce haka ne.

"Ina kas sayo shi?" Maigari ya tambaya.

"Kasuwa," in ji Modibbo, bai ƙara ba. Mutum biyu ko uku suka waiwaya bakin ƙofa. Namadi ba ya nan.

Maigari ya ce ba a samu yaron da laifi ba, a mayar masa da wayarsa. Amma littafin zai zauna a wurinsa, kuma Muntari kada ya sake shiga kara ko ruga da alƙalami har hutunsa ya ƙare. Bello ya fita bai yi wa kowa sallama ba.

Maganar ba ta mutu nan take ba. Wasu suka dawo da gaisuwa, wasu suka ci gaba da bin sa da ido in ya amsa waya a hanya, har ya koma ajiye ta a ɗaki. Shi ma ya riƙa juya abin a ransa. Yana zargin Namadi ne ya fara yaɗa kalmar infoma tun ranar kasuwa, amma ba shi da shaida, kuma ya riga ya ɗanɗana yadda zargi marar shaida yake, don haka bai faɗa wa kowa ba. Ba a gano wanda ya nuna wa ɓarayin garken Bello ba, shanun ma ba su dawo ba.

Baffa Ɗanjuma ya ce masa shawara ɗaya ce: ya zaɓi kiwon kaji, ya nemi gona a birni, ya rabu da shanu da masu shanu. Muntari ya kusa yarda. Har ya rubuta wa wani abokinsa ya nema masa gurbi a wata gonar kaji.

Ana saura mako ya koma makaranta Modibbo ya zo gidan da kansa. Ya ce maraƙin ya tashi, tun da aka sauya magani. Ya ce in da gaske Muntari yake son aikin garke, akwai wani Malam Lirwanu a Gummi, tsohon ma'aikacin lafiyar dabbobi, ya fi shekara talatin yana zaga rugage, babu wanda ke ɓoye masa saniya. Ya je ya yi wata shidan a hannunsa.

"Ka bi shi, ka riƙe mai jaka, ka yi shiru. In sunka saba ganinka bayanshi, su za su kira ka."

Baffa bai so ba, amma bai hana ba. Inna ta ce Gummi ai kusa ce, za ta riƙa jin labarinsa.

Da lokacin ya yi, Muntari ya kai wa Malam Lirwanu takardar makaranta. Tsohon bai buɗe ta ba, sai da ya tambaye shi ɗan waye, wa ya turo shi, sannan ya kira Modibbo a waya a gabansa ya tabbatar. Wata biyu Muntari yana goye a bayan babur ɗinsa, yana wanke sirinji, yana riƙe ƙahon sa, masu shanu na yi wa tsohon magana kamar shi ba ya wurin. A wata na uku, a wata ruga yamma da Gummi, Malam Lirwanu ya ce bayansa ya riƙe, ya miƙa wa Muntari sirinji. Mai garken ya dubi Muntari daga sama har ƙasa, ya dubi tsohon, sannan ya ce a fara gwadawa da akuya.