Kibiyar Hanyar Kebbe

Mudassir na tsugune gaban akwatin danja, fitilar ba da hannu, yana ɗaure wata waya, ya ɗaga kai sai ya hango surukinsa, Malam Maccido, bisa babur a layin masu juyawa hagu zuwa hanyar Kebbe. Tsohon ya dafa ƙasa da ƙafa ɗaya, ya zuba wa jar kibiya ido, rana na dukan ƙeyarsa. Daga gidan Mudassir ɗin ma ya fito, ya kawo wa 'yarsa Batula gero da man shanu, yanzu zai koma gida.

Ita wannan danja sabuwa ce a mahaɗar, kuma Mudassir aka ɗauka ya riƙa kula da ita. Ya san halinta sarai. Akwai waya da aka binne cikin kwalta a layin hagu. In mota ta tsaya a kanta sai ta ji ƙarfe, ta tsayar da masu tahowa daga gaba, ta ba mai juyawa koriyar kibiya. To amma babur ba shi da wani ƙarfen kirki. In ba bisa tsagar kwaltar da aka binne wayar ya tsaya daidai ba, ko yini zai yi danja ba ta san da shi ba. Malam Maccido kuwa, mutum mai ladabi har ga fitila, can baya da tsagar ya tsaya.

Abin yi a fili yake, ya je ya ce masa ya matsa gaba kaɗan. Da wani ne, da tuni Mudassir ya daka masa tsawa daga inda yake, don bakinsa ba ya hutawa a wurin nan. Har masallatan Tambuwal ya bi yana yi wa mutane bayanin kibiya. Amma suruki fa! Mutumin da ko sunansa ba ya iya faɗa, shi zai tsaya a kansa gaban 'yan kabu-kabu yana koya masa inda zai ajiye taya? Ko kuwa ya bar shi yana gasuwa a rana shi yana kallo? Kunya ta rufe shi ta ko'ina. Ya miƙe, ya matso bakin titi da rigarsa ta aiki mai ƙyalli, ya rusuna, ya sunkuyar da kai kamar yadda ya saba in zai gaishe shi, ya miƙa hannu wajen hanyar Kebbe, alamar bismilla.

Kansa na ƙasa. Titi kam wallahi ko sau ɗaya bai duba ba.

Ƙarar birki ya fara ji, sannan ta ƙarfe. Wata bas ce ta taso daga wajen Jega, koriyar wuta a gabanta, ta kwashi bayan babur ɗin ta watsar. Kafin Mudassir ya isa mutane sun taru, tsohon na kwance gefen kwalbati, hularsa can, ƙafarsa ta dama ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Direban bas ya ɗora hannu a ka yana ta rantsuwa cewa shi aka ba hanya. Gaskiyarsa kuwa. Waɗanda suka ga rusunawar Mudassir duk sun ɗauka gaisuwa ce, don haka tun a nan aka fara cewa tsofaffin ƙauye sai a hankali, ja da kore duk ɗaya ne a wurinsu.

A asibiti aka ce cinya ce ta karye. Ɗan sanda ya zo ya tsaya bakin gado, ya tambayi tsohon wa ya ba shi hannu ya shiga bisa jar wuta. Mudassir na raɓe jikin bango, ya san yanzu za a faɗa, aiki ya tafi, mutunci ya bi shi. Har wani sauƙi-sauƙi ya ji.

"Ba wanda ya ba ni," in ji Malam Maccido. "Gajiya ni yi da jira, ni shiga."

Ɗan sandan ya girgiza kai, ya yi masa nasiha irin wadda ake yi wa yaro, shi da bai kai sa'an ɗan cikin tsohon ba. Sannan ya juyo ga Mudassir ya tambaye shi, tun da shi ne mai fitila, ko lafiyarta lau. Mudassir ya ce lafiyarta lau. Bai yi ƙarya ba, amma da ya faɗa sai ya ji kamar ya taka tsohon da ƙafa. Ɗan sandan har dafa masa kafaɗa ya yi, ya ce Allah ya ba shi haƙuri da jama'a.

Da ɗakin ya rage su biyu, Mudassir ya durƙusa gaban gado ya fara magana. Tsohon ya juya fuska ga bango, bai bar shi ya kai ƙarshe ba. Ya ce ya san abin da ya gani, ba sai an gaya masa ba. Ya ce girmamawa ce ta jawo, shi kuma ba ya kai ƙarar wanda ya girmama shi.

"Wanga aiki shi ka ciyar da ɗiyata. Ni tsoho ne, in an ce na yi wauta, kwana biyu an manta. Kar in ji wagga magana bakinka."

Mudassir ya san ba za a manta ba. Ya san mutanen Kebbe da tsiya. Malam Maccido da ake kira ya raba rigimar gona saboda natsuwarsa, daga yau ya zama wanda ya kasa jiran fitila, har jikokin abokansa sai sun tsokane shi da ita. Ya fita baranda ya zauna, ya ƙudura a ransa cewa ko duniya ba ta ji ba, Batula sai ta ji. Ya shirya maganar tsaf, har inda zai fara.

Bayan la'asar Batula ta iso da kular abinci, idanunta jajir, 'yan uwa daga Kebbe na biye da ita. Ya tare ta a ƙofa ya ce akwai maganar da zai yi mata, ta ce ta sani, ai gari duk ya ɗauka. Ta wuce ta duba mahaifinta, ta gyara masa matashi, ta yi kuka mai isarta. Baffanninta suka jera bisa tabarma suna jajantawa, suna kuma yi wa ɗan uwansu tsiya a hankali, wai shi da ke hana yara gaggawa. Ɗaya ya ce shi mijin Batula ya fi tausayawa, yana koya wa gari doka sai ga ta an karya daga cikin gida.

Sai Batula ta share hawaye, ta juyo, ta durƙusa gaban mijinta a tsakiyar ɗaki.

"Don Allah ka yi haƙuri," ta ce. "Na san an ba ka kunya a wurin aikinka. Tsufa ne, ba raini ba ne."

Mudassir ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya buɗe baki, maganar da ya shirya na nan bisa harshensa. Tsohon ya yi gyaran murya daga kan gado.

"Gaskiya ta faɗi. Ni ma ina roƙo, Malam, ka yahe mani."

Baffanni suka gyaɗa kai, suna jinjina tawali'un dattijo mai roƙon surukinsa gafara, suka zuba wa Mudassir ido suna jira. Batula na durƙushe ba ta tashi ba. In ya faɗa yanzu, ya mai da tsohon maƙaryaci gaban 'yan uwansa da 'yarsa, bayan ƙafar da ya riga ya karya masa.

"Ba komai, Baba," ya ce. "Na yafe."

Aka yi ta sa masa albarka.