Jar Hular da Ta Ɓata

Kwana uku ke nan Biljana ba ta yi barcin kirki ba. Ɗanta Lazar, mai wata goma sha huɗu, haƙora yake fitarwa, duk abin da hannunsa ya kai sai baki. Tana tsaka da shanya a baranda, mahaifinta Radomir ya hawo bene yana haki, da tsohon gwangwanin biskit a hammata.

Ta san gwangwanin. Shekara goma sha ɗaya Radomir ya yi yana aikin gini a Jamus, kuma duk shekara in zai dawo gida Kraljevo sai ya riƙo mata ɗan leburan roba guda, irin na bulon wasan yara, mai rawayar fuska da jar hular kwano, tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba. Wani da shebur, wani da baro.

"Baba, don Allah kada ka buɗe masa. Bai kai ba."

"Gani kawai zai yi. Ko ba haka ba, ɗan kwangila? Zo ka duba ma'aikatanka, malalaci."

Ba ta da ƙarfin musu, ta koma kan shanyarta. Ko da ta shigo, leburorin na jere a kan darduma, tsohon na ba su labarin wani gini a Jamus, Lazar kuwa yana motsa baki, yawu har ƙirji.

Ta ƙirga. Mutum goma sha ɗaya, hula goma.

Hular ba ta fi ƙwayar wake ba. Ta zura yatsa a bakin yaron, ba komai, sai ihu da ya tsala. Ta kakkaɓe darduma, ta leƙa ƙarƙashin kujera, ta zazzage gwangwanin. Ta zari rigar sanyi da katin asibiti.

"Wai me kike nema ne?" in ji Radomir. Injinan gini sun daɗe da kashe masa kunne ɗaya.

"Hula, Baba! Hula ɗaya babu! Sai da na ce maka!"

Can ya laluba aljihu ya fito da walat, ya zaro wata 'yar takarda a naɗe daga bayan katin shaidarsa. Hular ce a ciki, jan ya koɗe.

"Ke kika ba ni, a tashar bas, kina shekara shida. Kika ce kada bulo ya faɗo mini a ka."

Biljana ba ta tuna ba sam. Abin da ta tuna bayan bas ne kawai, da hannun mahaifiyarta yana janta gida. Ta sulale ta zauna a ƙasa da rigar sanyin a jikinta, Lazar na shessheƙa a kafaɗarta.

Da numfashinta ya dawo, ta kwashe leburorin ɗaya bayan ɗaya, ta rufe gwangwanin, ta ɗora a saman kabad.

"Sai ya shekara huɗu."

"Wannan fa?" Ya miƙo tafin hannunsa.

"Mayar da ita inda take. Ka dai riƙa rufe walat ɗin in kana gidan nan."

Ya naɗe takardar a hankali, ya nufi kicin ya dafa musu kofi. Kafin ruwan ya tafasa barci ya kwashe ta, a jingine da kujera.